Gari ɗaya tsakanin duwatsu: yadda nake fama da Hayasdan

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Daren jiya aka ci ni karo na uku. Armavir ta faɗi a shekara ta 261 kafin Miladiyya, sarkina ya mutu a bakin ƙofa, bashin baitulmali ya haura mnai dubu tara. Na rufe kwamfuta na yi tagumi, har uwargida ta leƙo ta ce ko rasuwa aka yi. Na ce e, amma ta daɗe.

Ga wanda bai san abin da nake magana a kai ba: wasan shi ne Rome: Total War na 2004, sai dai ba shi tsurarsa ba. Akwai wani gyara da masu sha'awar tarihi suka yi masa kyauta, irin abin da ake kira mod, sunansa Europa Barbarorum. Sun sauya taswira, sun sauya sojoji, sun mai da sunan kowace daula cikin harshenta, kuɗin ma suka ce masa mnai. Ana farawa daga 272 kafin Miladiyya, kowace shekara zagaye huɗu, wato sau huɗu kake yin naka motsi sauran dauloli su yi nasu. Na yi wata biyu da Rumawa ina cin gari bayan gari har na fara jin kaina wani Kaura. Sai na ce bari in ɗauki ƙaramar ƙasa, na zaɓi Hayasdan, wato Armeniya ta da, ƙarƙashin gidan Yervanduni.

Gari ɗaya tak suka ba ni, Armavir, a tsakiyar duwatsu. Kudu da ni daular Salukawa ce, magadan Iskandari, wadda ta miƙe daga Antakiya har bakin Indiya. A takarda abokaina ne. A aikace jira kawai suke in yi atishawa.

Sau uku ina yin abu ɗaya, sau uku ina mutuwa iri ɗaya. Na aika wa Autanmu saƙo. Shi ya sa min wasan tun farko, kuma shi ba ya barci. Daga yau zan riƙa rubuta abin da na yi a nan, don in daina maimaita wauta ɗaya.

Talata, 5 ga Nuwamba

Auta ya zo shago bayan isha'i, na rufe ƙofa rabi, na kashe injin hoto-kofi. Bai ko zauna ba ya ce, "Yaya, buɗe in ga yadda kake farawa." Na buɗe, na kai hannu zan matsar da runduna, ya riƙe linzamin.

"Ba ka tayar da rubutun ba."

Ashe duk lokacin da ka buɗe wasan sai ka danna garinka, mai ba da shawara ya fito a kusurwa, ka danna maɓallin da ke jikinsa, sannan dogon umarnin da ke tafiyar da mod ɗin ya fara aiki. Shi ke riƙe da lissafin zagaye huɗu a shekara da tsarin mulkin garuruwa da sauran abubuwa da yawa. Ni kuwa wata rana in danna, wata rana in kore shi kamar ƙuda. Auta ya dube ni irin kallon da nake yi wa mai kawo min takarda a juye ya ce a buga.

Na biyu, matakin wahala. Akwai na taswira, inda ake tafiyar da mulkin ƙasa, akwai na fagen fama, inda ake gwabza yaƙin kansa, kuma ni duka biyun na kai su ƙarshe saboda girman kai. Ya ce na fagen fama a bar shi a tsakiya, don in ka ɗaga shi abokan gaba ba wayo suke ƙarawa ba, ƙarfin sara da taurin zuciya ake ƙara musu a ɓoye, sai ka ga manomi da sanda ya tsaya wa ɗan lifidi. Na taswira ya sauke min shi mataki ɗaya.

Na uku shi ne wanda ya fi min ciwo. Sojojin da aka ba ka da farko sun fi ƙarfin aljihunka, kowane zagaye albashinsu ya fi harajin Armavir. Ko dai ka yi yaƙi da su tun zagayen farko, ko ka sallame su. Abin da nake yi shi ne na uku, wanda babu shi a lissafi: in ajiye su a gari suna ci, ina gina kasuwa. Ya ce, "Yaya, ka ɗauki ma'aikata goma a shagon nan ka ce su jira ciniki ya buɗe."

Mun fara sabo. Ban gina komai ba. Na kwashe kowa da kowa, har ƴaƴan sarki, na nufi arewa.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Kotais da Mtskheta sun shigo hannu. Duka biyun garuruwan ƴan tawaye ne, waɗanda wasan ke kira Eleutheroi, ba su da daula a bayansu, don haka cin su ba ya jawo maka kowa.

Abin da na koya a nan shi ne darajar ƴan gidan sarauta. Kowane ɗan sarki yana yawo da dogarai masu lifidi, doki da mahayi duk a rufe, kuma in an kashe wasu daga cikinsu suna cikowa da kansu a hankali, ba ka biyan ko dala. A da ina ɓoye su a baya don tsoron kada sarki ya mutu. Yanzu su ne gudumata.

A Mtskheta ban fasa ƙofa ba. Na yi musu ƙawanya na zauna, har abinci ya ƙare musu suka fito da kansu. Na jera masu mashi na Kavakaza Sparabara a gaba, talakawa ne masu garkuwar saƙa, aikinsu kawai su tsaya a tokare su. Maharban duwatsu a bayansu a kan tudu. Ƴan lifidi kuma na zagaya da su can gefe bayan wasu itatuwa. Da mutanen garin suka manne da masu mashina, na bari sai da na ga layina ya fara lanƙwasa kamar kara a iska, sannan na sako dawakin ta baya. Ƙarar da ta fito daga ƴar lasifikar nan sai da mai shayin ƙofar shago ya leƙo. Tutocinsu suka fara fari ɗaya bayan ɗaya. Na rasa mutum 140, su sama da dubu.

Bashi ya tsaya a dubu huɗu, ya fara raguwa. Na sallami ƙungiya biyu ta mahaya masu tsada a cikin Kotais. Auta ya nuna min cewa wanda ka sallama a gari yana shiga cikin adadin mutanen garin, ya koma mai biyan haraji. Na aika jakada yamma yana sayar da taswira da neman izinin ciniki, ɗari biyu nan, ɗari uku can. Kamar tallan goro, amma yana taruwa.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

An ɗauke wuta ina tsakiyar yaƙin cin garin Ani-Kamah, batirin kwamfutar nan kuwa ba ya kai minti biyar. Da wuta ta dawo na sake yaƙin, na ci, na yi saurin danna fita, wasan ya rufe kansa. Auta ya ce sananniyar cuta ce: in allon nasara ya fito ka ɗan jira kamar rabin minti kafin ka taɓa komai. Na yi na uku, na ƙirga talatin da ƙarfi. Ya wuce. Ƙarfe ɗaya na dare na isa gida, kabu-kabu ya caje ni kuɗin dare.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Sun zo. Shekara ta 264, ba sanarwa ba sallama, rundunar Salukawa cikakkiya, tuta 20, wato ƙungiya 20, ta tsallako iyaka. Masu buga wasan nan suna yi musu laƙabi da mutuwa mai launin toka, saboda launinsu a taswira da yadda suke malala kamar ruwan Gulbi.

Na fita na tare su a fili, don ina da gari huɗu yanzu kuma kaina ya sake kumbura. Sojojinsu na tsakiya masu dogayen masu ne, jere bayan jere, tsinin ya fito gaba kamar bayan beguwa. Kibiya ta gaba ba ta yi musu komai. Masu mashina suka narke a kansu. Na ja da baya da rabin runduna, ɗan sarki ɗaya ya kwanta a can.

Ina cikin wannan ne Kawu ya shigo karɓar takardun fanshonsa da na buga masa. Tsohon malamin lekol ne, ya koyar da tarihi shekara da shekaru, kuma bai taɓa ɗaukar wasan kwamfuta a bakin komai ba. Ya tsaya a bayana da carbinsa yana kallo, ya ce, "Mi ne ne wanga?" Na yi masa bayani a gurguje, na nuna masa taswira: ga ni nan ɗan ɗigo, ga su nan rabin duniya.

Ya jawo kujera. Ya ce, "To kai da kake ɗan Maraɗi, wa ya ce maka haka ake yi?"

Sai ya ɗauko daga tushe. Katsina ta faɗi hannun masu jihadi a 1807, gidan sarauta ya watse ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zo ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Gari ɗaya, a bakin Gulbi, daula guda a kudu da yamma. Ya ce ranar da Katsinawan Maraɗi da Gobirawa suka tara kowa da kowa suka tsaya gaba da gaba da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Gawakuke, 1836, an kashe Sarki Rauda, an kashe Sarkin Gobir Ali. Bayan nan ne Gobirawa suka kafa Tsibiri nan kusa da mu. "Abin da ka yi yanzu, Gawakuke ka yi. Ka tara ɗan abin da gare ka wuri guda ka miƙa musu."

Na ce to ya aka yi garin bai mutu ba? Ya ce hari. Zamanin Ɗan Baskore ba zama ake a jira ba, kuma ba cin ƙasa ake a riƙe ba. A fita da dawaki, a bi ta daji, a faɗa inda ba a zata ba, a kwaso, a dawo bayan ganuwa kafin babbar runduna ta gama ɗaura sirdi. Mai babbar ƙasa yana da iyaka mai tsawo, ba zai iya tsare ko'ina ba. Kai mai gari ɗaya ƙofa kaɗan gare ka.

Ya ɗan yi shiru, ya ƙara da cewa kada in ɗauka abin alfahari ne duka, waɗanda aka kwaso ɗin mutane ne, Hausawa ne kamar mu, wasu ma dangi. Sannan ya sa yatsa a kan allon, daidai wata matsatsiyar hanya tsakanin duwatsu kudu da Armavir, ya ce, "Nan fa? Ba a iya toshe ta?"

Ya tafi ya manta takardun fanshon.

Lahadi, 1 ga Disamba

Ana iya toshe ta. Janar yana iya kafa sansani a fili da kuɗi kaɗan, kuma muddin akwai ko ƙungiya ɗaya a ciki, sansanin yana nan. Na kafa biyu a mashigin duwatsu, na zuba maharba mafi araha. Rundunar Salukawa in ta zo sai ta tsaya ta yi wa sansanin ƙawanya, zagaye biyu ko uku, ni kuma na san inda take.

Sannan na haɗa rundunar hari: ƙungiya shida ta mahaya masu baka, Ayrudzi Netadzik, da ƴaƴan sarki biyu. Babu mai tafiya a ƙasa ko ɗaya, don runduna tana tafiya ne da saurin wanda ya fi kowa nawa. Da na karanta bayanin da mod ɗin ya rubuta a kan ƙasar sai na ga ashe dama arzikinta ke nan. Tun zamanin Farisawa da dawaki Armeniya ke biyan gandu, marubutan Girka na da sun ce ƴan dukushi dubu 20 ake kaiwa duk shekara. Ni na zauna a ƙasar dawaki ina ta ɗaukar dakaru.

Yaƙin farko da su, beguwa, wato masu dogayen masun nan na Salukawa, ƙungiya biyar na tarar a hanya ba mahaya tare da su. Ga yadda abin yake. Garkuwa a hannun hagu take, saboda haka kibiya ta fi cin mutum ta dama ko ta baya. Na raba mahayana biyu. Kashi ɗaya ya tsaya a gabansu nesa kaɗan yana ja musu rai, su kuma suna takowa a hankali da dogayen masunsu, kashi na biyu ya zagaya bayansu. Na hana su harbi sai da suka daidaita, don kibiya tana ƙarewa. Da suka juyo su fuskanci na baya, na gaba ya samu bayansu. Haka na riƙa juya su kamar waina a tanda har kwari ya ƙare, sun gaji, layinsu ya wargaje, sannan ƴan lifidi suka gama aikin. Mutum 31 na rasa.

Gargaɗi ga duk mai gwadawa: kada ka bar kwamfuta ta yanke maka irin wannan yaƙin da kanta. Lissafinta ba ya ganin darajar mahayi mai baka, kai kawai take ƙirgawa. Na gwada sau ɗaya don ina sauri in tafi masallaci, ta kashe min rabin ƙungiya a kan ƴan fashi.

Na kai wa Kawu takardunsa gida da ƙullin goro. Tambayarsa ta farko, kafin gaisuwa ta ƙare: "An toshe?"

Laraba, 11 ga Disamba

Karkathiokerta, garin Salukawa a bakin iyakata. Ɗan leƙen asirina ya buɗe min ƙofa daga ciki, na shiga da dawaki ba tare da gungumen fasa ƙofa ba. Shirin da muka yi shi ne in kwashe ganima, in rushe barikokinsu, don wasan yana mayar maka da wani kaso na kuɗin ginin da ka rushe, in fita in bar musu kango. Da haka ko sun karɓe shi ba za su iya ɗaukar manyan sojoji a bakin iyakata ba sai sun sake gini.

Da na shiga na ga garin, sai na kasa fita. Babba ne, ya fi Armavir haraji.

A nan masu ba ni shawara suka rabu. Auta ya ce in riƙe. Hujjarsa ita ce rubutun mod ɗin yana tallafa wa daulolin da kwamfuta ke riƙe da su da kuɗi, saboda haka ba za ka talauta Salukawa da hari ba, abin da kawai ke rage su shi ne ka raba su da garuruwan da suke ɗaukar soja. Kawu ya ce in fita, gari a fili ba naka ba ne sai ranar da kake da rundunar da za ta kwana a ciki. Suka yi ta yi a kan bencin ƙofar shago, Auta yana "Kawu, ai lissafin na'ura daban ne," Kawu yana "Na'urar ta taɓa riƙe gari?" Mai shayi ya goyi bayan Kawu, ko da yake bai san ko a wace nahiya garin yake ba.

Na bi Auta, amma gaskiya kwaɗayi na bi. Zagaye huɗu bayan nan runduna biyu suka rufe ni a ciki. Mahayi mai baka a cikin lungun gari ba shi da inda zai juya, kifi ne a tudu. Na fasa ta ƙofar arewa da ƙyar, ƙungiya biyu suka hallaka, ban kuma rushe barikokin ba don ina cewa nawa ne.

Na yi niyyar komawa inda na ajiye wasan a baya in goge kuskuren. Ban koma ba. Auta bai yi kuskure a lissafinsa ba, lokacin ne bai yi ba, kuma ina so in ga ko za a iya tashi daga nan.

Laraba, 18 ga Disamba

Hutun ranar Jamhuriya, shago a rufe, sanyi ya sauko sosai, hazo ya rufe gari. Na zauna da bargo tun hantsi.

Ramin ma'adinai na farko ya kammala. Tsadarsa kamar kuɗin aure, na yi zagaye goma ina tara masa, amma daga yau kuɗin shiga ya kusa ninkawa. Da shi na ɗauki masu majajjawa ƙungiya huɗu. Auta ne ya nuna min su: dutsen majajjawa a mod ɗin nan yana ratsa sulke fiye da kibiya, kuma kusan kyauta suke.

Runduna biyun nan da suka kore ni suka biyo ni arewa, na tare su a mashigin kogi. Wannan karon ni na zaɓi wurin. Masu mashi a bakin mashigin ta ɓangarena, an ja su baya kaɗan yadda duk wanda ya haye zai samu kansa a cikin baka, maharba da masu majajjawa hagu da dama, ƴan lifidi a ɓoye. Beguwa ba ta iya riƙe jerinta a cikin ruwa. Suka cunkushe, na baya yana tura na gaba, dutse yana sauka a kansu kamar ƙanƙara. Har da Argyraspides a cikinsu, masu garkuwar azurfa, zaɓaɓɓun sojojin gidan Salukawa, su kaɗai suka haye da tsarinsu suka fara cin masu mashina. Na ga layin zai tsinke, na jefa sarki da kansa. Hannuna yana rawa a kan linzami. Janar ɗinsu ya faɗi a bakin ruwa, daga nan kowa ya yi ta kansa.

Allon nasara ya fito. Na ɗaga hannuwana sama na ƙirga talatin. Ƴata ƙarama ta taya ni daga goma sha biyu.

Lahadi, 29 ga Disamba

Inda aka kwana: shekara ta 249 kafin Miladiyya, gari bakwai, Kabalaka da Phraaspa sun shigo, Karkathiokerta ta dawo hannuna kuma wannan karon da dakaru a ciki da ganuwar dutse a kan gini. Baitulmali mnai dubu 11, ba bashi. Auta ya ce kun gani, Kawu ya ce ai yanzu ne lokacin ya yi, kowa ya tafi da gaskiyarsa.

A tarihi na gaske Armeniya ba ta samu sarari sosai ba sai bayan da Rumawa suka karya Salukawa a yaƙin Magnesiya a 190 kafin Miladiyya, kuma sai a 83 sarkinta Tigran Babba ya karɓi Siriya. Ni ina gaba da jadawalin da shekara sittin, abin da ke nufin ba Rumawan da za su zo su rage min aiki.

Sabuwar damuwa daga kudu maso yamma take. Salukawa sun raunana, Masarawan gidan Batlamiyus sun cinye Antakiya, launin rawaya yana hawowa taswira. Pontos, maƙwabcina na yamma da shi ma ya fara da gari ɗaya, saura ƙiris a share shi. Auta yana so in aika jakada in nemi sulhu da Salukawa, in bar su a tsakani su zama min katanga. Na gwada sau biyu sun ƙi, har da neman in zama bawansu. Zan sake gwadawa da kuɗi a hannu.

Abin yi kafin Asabar: sansani na uku a hanyar Ani-Kamah, ramin ma'adinai na biyu, da sabon batiri, wanda wani a babbar kasuwa ya ce zai kawo min daga Kano a kan jikka goma sha biyar. Kawu ya ce in buga masa taswirar a babbar takarda, mai launi, yana so ya duba hanyoyin kogin Furat da tabaransa a gida.